Ka Sayi Gida, An Ɓoye Maka Asbestos: Me Doka Ta Ba Ka?

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau ciniki za mu taɓa, irin cinikin da galibin mutane sau ɗaya suke yinsa a rayuwa, wato sayen gida. Mutum ya yi shekaru yana tari, ko ya haɗa da kuɗin sallamarsa daga aiki, ya biya, aka miƙa masa makulli. Daga baya sai ya gano cewa rufin gidan ko silinsa na asbestos ne, wanda ya sayar masa kuwa bai ce masa uffan ba. To, me doka ta ba shi? Zai iya mayar da gida ya karɓi kuɗinsa? Zai iya neman ragi? Ko kuwa sai dai ya rungumi ƙaddara?

Kafin mu je gaban alƙali, bari mu fara ɗaga kai mu dubi silin ɗin, mu san abin da ake rigima a kansa.

Asbestos ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa. Idan aka farfasa dutsensa, sai ya warware ya zama zare-zare sirara. Wuta ba ta cinsa, ruwa ba ya ruɓar da shi, gara ba ta kusantarsa, ga kuma araha. Shi ya sa a ƙarni na 20 masu gini a duk duniya suka rungume shi. Ana cuɗa shi da siminti, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100, a buga faifan silin, da rufi mai launin toka, da bututun ruwa. An sa shi a tayil na daɓe, an naɗe tukwanen masana'antu da shi, har a birkin mota. Iri uku ne suka fi shiga kasuwa: fari, da ruwan ƙasa, da shuɗi. Farin shi ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma har gobe ana haƙo shi a ƙasashe irin su Rasha da Kazakistan da Sin.

Kada wani ya ce wannan damuwar Turawa ce. A Najeriya an yi masana'antun buga kayan rufi da silin na asbestos a Legas da Inugu da Sapele, nan Arewa ma an yi a Kano da Bauchi. Duk wanda ya yi karatu a tsohuwar makarantar gwamnati, ko ya tashi a kwatas ɗin ma'aikata, ya san wannan silin mai faifai murabba'i da ake riƙewa da siraran katakai. Waɗannan gidaje na shekarun 1960 zuwa 1980, su ne yanzu suke ta sauya hannu, daga magada zuwa 'yan kasuwa, daga 'yan kasuwa zuwa ma'aikacin da ya yi ritaya. Kowane sabon mai gida kuwa, abin da yake fara yi shi ne kwaskwarima.

Matsalar tana cikin ƙurar. Zaren asbestos ya yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinsa, ba shi da wari, ba ya sa mutum tari nan take. Idan aka shaƙe shi sai ya gangara can cikin huhu ya zauna, jiki kuma ba ya iya narkar da shi. Bayan shekara 20, 30, wani lokaci har 40, sai ciwo ya bayyana. Akwai ƙandarewar huhu, wadda ke sa mutum haki ko da taku kaɗan ya yi. Akwai sankarar huhu, wadda haɗarinta ke ninkuwa ga mai shan taba. Akwai sankarar maƙogwaro da ta ƙwan mace. Sannan akwai wadda likitoci suke kira mesoteliyoma, sankara ce da ke kama tantanin da ya lulluɓe huhu ko kayan ciki, kuma kusan duk wanda aka same shi da ita za a tarar ya taɓa shaƙar wannan ƙura. Wani likita a Afirka ta Kudu mai suna Wagner shi da abokan aikinsa ne suka tabbatar da wannan alaƙa a 1960, a yankin da ake haƙar shuɗin asbestos. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dukkan ire-irensa suna jawo sankara, har da farin, kuma sama da mutum 200,000 suke mutuwa duk shekara saboda shaƙarsa a wurin aiki. A Birtaniya kaɗai, wajen mutum 5,000 ne a shekara, alhali tun 1999 suka haramta shi baki ɗaya.

Amma fa kada hankalin kowa ya tashi ya kwashe iyali ya bar gida cikin dare. Faifan da yake lafiya lau, bai tsage ba, ba ya ɓarɓashi, ga fenti a jikinsa, siminti ya riƙe zaren, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da aka taɓa shi ce ranar wahala.

Ku kwatanta a ranku. Sabon mai gida yana son silin POP, ya kira kafinta da yaransa biyu. Ba a yi maganar komai ba sai kuɗin aiki. Yaro ya hau benci da guduma, ya doki faifai na farko, ya dare biyu ya faɗo ya tarwatse a daɓe. Kafin azahar ɗakin ya yi fari fat, gashin kansu da girarsu duk sun yi furfura, ɗaya ya ɗaure hanci da tsohuwar riga, ɗaya ko wannan bai yi ba. An kunna fanka wai don ƙurar ta fita. Da yamma uwargida ta sa tsintsiya ta share, ƙurar ta sake tashi. Ɓaraguzan kuma aka loda a baro aka cike ramin ƙofar gida da su, inda yaran unguwa suke wasa, mota kuma tana bi ta kai tana niƙawa. Kafinta ya koma gida da rigar aikinsa, matarsa ta kakkaɓe ta kafin ta wanke. Ku ƙirga mutum nawa suka shaƙa a wuni ɗaya. Kalma guda daga bakin wanda ya sayar da gidan ta isa ta hana duk wannan.

Shi ya sa nake ganin shirun mai sayarwa a nan ya fi shirunsa kan tsagewar bango muni. Bango idan ya tsage, aljihun mai saye kawai zai ji a jikinsa. Wannan kuwa har da huhun wanda bai san an yi cinikin ba.

(Gajeren kiɗa)

To, mu koma ga doka. Abu na farko da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne, a kusan ko'ina, kasancewar asbestos a tsohon gida ba laifi ba ne a kan mai gidan. Ba haramun ba ne sayar da irin wannan gida. Abin da kotu take dubawa shi ne: me mai sayarwa ya sani, me aka tambaye shi, me ya amsa, kuma me mai saye zai iya gani da idonsa. Ƙasashe sun rabu a kan yadda suke auna waɗannan.

Mu fara da Ingila, domin daga can Najeriya da Gana suka gaji tsarin kotunansu na zamani. Tsohuwar ƙa'idarsu ita ce, mai saye shi zai buɗe idonsa. Mai gida ba dole ba ne ya bi ka yana lissafa maka aibobin gininsa. Idan ka ga dama ka ɗauko masanin gini ya duba maka, idan ba ka ɗauko ba, kai ka so. Bahaushe ya ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma haka alƙalin Ingila yake kallon wanda ya sayi gidan 1970 bai sa an bincika ba. Sai dai ƙa'idar tana da iyaka. Kafin a ƙulla ciniki, lauyan mai saye yana aika tambayoyi a rubuce, mai gida kuma ya cike takardar bayani ya sa hannu. Da zarar ya rubuta abin da ba gaskiya ba, mai saye kuma ya dogara da shi ya biya, to ya faɗa hannun dokarsu ta 1967 kan bayanin ƙarya a ciniki. Haka nan kotunansu sun daɗe da yanke cewa wanda ya sa aka rufe aibi da gangan don kada a gani, daidai yake da wanda ya buɗe baki ya yi ƙarya. Abin da aka fi samu shi ne diyya, wato bambancin da ke tsakanin kuɗin da ka biya da ainihin darajar gidan da aibinsa. Warware ciniki ɗungurungum yana yiwuwa, amma ba kasafai ba, musamman idan an daɗe ko an riga an sauya fasalin gidan. Wa'adin shigar da ƙara shekara 6 ne, idan kuma akwai zamba, ana fara ƙirga shi daga ranar da mai saye ya gano, ko ranar da ya kamata a ce ya gano.

Faransa ta bi wata hanya daban, kuma a ganina ta fi tausaya wa mai saye. Sun haramta asbestos daga ranar 1 ga Janairun 1997. Duk ginin da aka ba da izinin yinsa kafin 1 ga Yulin 1997, ba a sayar da shi sai mai gida ya ɗauko ƙwararre mai lasisi ya duba, ya rubuta ko akwai ko babu, a haɗa rahoton da takardun ciniki. Bayan wannan, kundin dokokinsu na hulɗar jama'a, daga sashe na 1641, ya ɗora wa mai sayarwa lamunin duk wani ɓoyayyen aibi da ke hana amfani da abin da aka saya, ko ya rage amfaninsa sosai. Mai saye yana da zaɓi biyu: ya mayar ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe a rage masa. Yana da shekara 2 daga ranar da ya gano. Galibi akan sa sharaɗi a takarda cewa mai gida ba ya ɗaukar wannan lamuni, amma sharaɗin ba ya aiki idan ya san aibin ya yi shiru, ko idan bai kawo rahoton da doka ta wajabta ba. 'Yan'uwanmu na Nijar, da sauran ƙasashen da suka gaji dokar Faransa, wannan ƙa'ida ta ɓoyayyen aibi tana cikin abin da aka gada. Sai dai wa'adi da tilascin kawo rahoto ba lallai su zo ɗaya da na Faransa ba, don haka a tuntuɓi lauya ko notaye na gida.

A Amurka kuwa kowace jiha da nata. Gwamnatin tarayya ta wajabta wa mai sayar da gidan da aka gina kafin 1978 ya bayyana abin da ya sani game da fenti mai dalma, amma ba ta yi irin wannan doka kan asbestos ba. Farin asbestos ɗin ma sai a Maris na 2024 hukumar kare muhallinsu ta fitar da dokar hana shi. Jihohi ne suka cike giɓin. A Kalifoniya, takardar da mai gida yake cikewa ta ambaci asbestos da sunansa, ta tambaye shi ko ya san akwai. A Fulorida, wata shari'a ce ta sauya lamarin, wadda ake kira shari'ar Johnson da Davis. A 1982 wasu ma'aurata suka yi cinikin gida kan dala 310,000. Matar ta ga tabo a silin da alamar lalacewa a gefen taga, ta tambaya, mai gidan ya ce ƙaramar matsala ce an daɗe da gyarawa. Suka cika kafin alƙalami ya kai dala 31,000. 'Yan kwanaki kaɗan aka sheƙa ruwan sama, ta shiga gidan ta tarar ruwa yana kwarara ta silin da tagogi. A 1985 kotun ƙolin jihar ta ce a mayar musu da kuɗinsu, ta kuma kafa ƙa'ida: duk mai sayar da gidan zama da ya san wani abu da ke rage darajarsa sosai, wanda mai saye ba zai gani da sauƙi ba, wajibi ne ya faɗa ko ba a tambaye shi ba. Maganar yoyon rufi ce, amma da ita ake auna sauran ɓoyayyun aibobi a jihar.

Akwai kuma inda abin ya fi ƙarfin mai saye da mai sayarwa duka. A Kanbera, babban birnin Ostareliya, wani kamfani ya riƙa hura asbestos sako-sako, wanda ba a haɗa da siminti ba, cikin rufin gidaje tsakanin 1968 da 1979, don maganin sanyi. Gidaje sama da 1,000. An yi aikin kwashewa, daga baya aka gano zaren ya riga ya sulala cikin bango da ƙarƙashin daɓe. A 2014 hukumar birnin ta karɓi rancen dalar Ostareliya biliyan 1 daga gwamnatin tarayya, ta saye gidajen ta rushe. Wannan shi ne mafi muni, kuma ba irinsa ba ne a silin ɗinmu.

(Gajeren kiɗa)

Mu dawo gida. Idan ka kai ƙara kotun zamani a Najeriya, ka sa a ranka cewa ƙa'idar Ingila ce za ta tare ka a bakin ƙofa. Mai sayarwa wajibi ne ya bayyana ɓoyayyen aibin da ya shafi mallaka, kamar a ce gidan yana jingine a banki ko akwai rigimar gado a kansa. Amma aibin jikin gini, shirunsa kaɗai da wuya ya ba ka nasara. Abin da zai ba ka nasara shi ne ka nuna ɗaya daga cikin uku: ka tambaya ya yi maka ƙarya, ko ya ɓoye da gangan, misali ya sa an manna sabon silin roba a ƙarƙashin ruɓaɓɓen na asbestos ana gobe za a kawo masu saye, ko kuma akwai sharaɗi a takardar ciniki da ya saɓa. Mu kuwa mun fi ba da ƙarfi wajen takardar mallaka da sa hannun mai unguwa da amincewar gwamna da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada. Duk suna da muhimmanci, amma babu ɗaya a cikinsu da ta ce komai kan abin da aka yi rufin da shi.

Sai shari'ar Musulunci, wadda a jihohinmu da dama take sauraron rigimar ciniki tsakanin Musulmi. A nan ina son in ɗan dakata, domin mutane da yawa ba su san girman haƙƙin da ta ba mai saye ba.

Asalin maganar sananne ne. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tarin, sai ya ji danshi. Mai kayan ya ba da uzurin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi. Aka nuna masa cewa kamata ya yi ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, aka kuma yi gargaɗi mai tsanani kan algus. Daga irin wannan ne malamai suka fitar da cewa bayyana aibi wajibi ne a kan mai sayarwa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba, kuma mai saye yana da zaɓi idan ya tarar da tsohon aibin da bai sani ba. Ku lura, wannan zaɓi bai rataya a kan sanin mai sayarwa ba. Ko shi ma bai sani ba, haƙƙin mai saye yana nan. Saninsa sai dai ya ƙara masa zunubi da nauyi.

A mazhabar Malikiyya da muke bi, an yi wa gidaje hukunci na musamman, an kasa aibinsu uku. Ƙaramin aibi da ba ya taɓa farashi, babu komai a kansa. Matsakaici, ba a warware ciniki saboda shi, amma ana ƙiyasta abin da ya rage wa gidan a mayar wa mai saye. Babba kuwa, wanda malamai da yawa suka ƙaddara da sulusin darajar gidan, yana ba mai saye damar mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Masana harkar ne suke ƙiyastawa, ba mai saye ko mai sayarwa ba. Wanda ya ce ai na faɗa tun farko cewa na sayar yadda yake, babu ruwana da abin da ya biyo baya, wannan magana ba ta wanke shi daga aibin da ya sani ya ɓoye. Haka kuma wanda ya gano aibi sannan ya yi abin da ke nuna ya yarda, kamar ya ci gaba da rushe-rushe da gine-gine ko ya sa gidan a kasuwa, zai iya rasa zaɓinsa. Amma zama a cikin gidan yayin da ake shari'a, littafin Muhtasar na Halil ya nuna ba a ɗaukarsa a matsayin yarda.

A wane kashi asbestos zai faɗa? Alƙali ne mai yankewa, amma a fahimtata, silin 'yan ɗakuna da wuya ya kai sulusin kuɗin gida, don haka ragi ya fi kusa da mayarwa. Kuma kada in ɓoye muku, mai sayarwa ma yana da ta cewa. Zai ce silin nan a sama yake, ka shiga ka gani da idonka. Zai ce duk gidajen layin nan haka suke, kuma babu wanda farashinsa ya faɗi. Aibi a fiƙihu shi ne abin da al'adar mutane take ganin yana rage daraja, kuma a garuruwanmu da yawa har yanzu ba a ɗauki asbestos a haka ba. Amsar mai saye ita ce, ganin faifai daban, sanin abin da ke cikinsa daban, domin akwai sabon faifan siminti da ba shi da asbestos ko kaɗan, kuma a ido kusan kamarsu ɗaya. Ɗakin gwaji ne kaɗai yake rabewa.

To, wanda abin ya riga ya same shi fa? Ya fara dakatar da aiki, ya rufe ɗakin, ya kashe fanka. Kada a share da tsintsiya, a yayyafa ruwa a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a ƙulle shi a leda. Ya ɗauki hotuna kafin a motsa komai. Ya nemi injiniyan gini ko jami'in lafiyar muhalli ya ɗauki samfur a kai gwaji, a ba shi sakamako a rubuce, sannan a yi masa ƙiyasin kuɗin cirewa ko rufewa, shi ma a rubuce. Ba tare da waɗannan takardu biyu ba, zargi kawai yake da shi.

Mai wuyar ita ce tabbatar da cewa mai gidan ya sani. Zuciyarsa ba a buɗe take ba, amma sani yakan bar sawu. Kafintan da ya taɓa yi masa gyara ya gaya masa, shaida ne. Wanda ya taɓa zuwa saye ya fasa saboda wannan dalili, shaida ne. Ɗan hayan da ya yi ƙorafin silin yana zubar da gari, saƙon WhatsApp tsakaninsa da dillali, rasit na sabon silin da aka manna mako biyu kafin ciniki, duk a tattara. Daga nan a rubuta masa takarda, a faɗi abin da aka gano da abin da ake nema, a ajiye kwafi. Kada a tsaya jan ƙafa, domin kowace doka tana da wa'adi, kuma a Najeriya ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Ni dai shawarata, a fara da sulhu a gaban shaidun ciniki. Kuɗin lauya da zaryar kotu sukan fi kuɗin sauya silin, kuma mutum da yawa idan ya ga takardar gwaji da shaidu a zaune, zai gwammace ya mayar da wani abu a rufa wa juna asiri. Idan ya ƙi, kotu tana nan.

Wanda bai riga ya biya ba kuwa, shi ne mai sa'a, domin duk ƙarfin yana hannunsa. Ranar duba gida, ga dillali yana gaba yana buɗe ƙofofi yana yabo, ka tsaya tsakiyar falo ka ce, “Alhaji, wace shekara aka yi ginin nan? Silin nan da rufin, na asbestos ne?” Dillali zai yi caraf ya ce, “Haba ranka ya daɗe, ai wannan tsohon aiki ne mai ƙwari, irinsa ba ya mutuwa.” Ka yi murmushi ka ce, “Na ji, amma Alhaji nake tambaya.” Idan ya ce babu, ka ce to a rubuta a takardar ciniki, layi ɗaya ya isa: mai sayarwa ya tabbatar babu asbestos a rufi da silin, idan kuma aka samu, shi zai ɗauki kuɗin cirewa. Idan ya ce akwai, ka gode masa, ku zauna a rage kuɗin aikin daga farashi. Idan ya ce wallahi bai sani ba, wataƙila gaskiyarsa ce, musamman idan gado ya ci, sai ku yarda a yi gwaji kafin ka cika kuɗi. Wanda ya ƙi a rubuta, ya kuma ƙi a gwada, ka riƙe kuɗinka. Tambaya ba rashin kunya ba ce, kuma wannan layi guda shi ne yake mayar da shirun da kotu ba za ta kama ba ya zama alkawarin da za ta kama.

Ku kuma 'yan'uwa dillalai, la'adarku halal ce idan kun faɗi abin da kuka sani, kuma wanda ya taya ɓoyewa zai iya tsintar sunansa a takardar sammaci tare da mai gida. Kafintoci da magina, idan aka kira ku cire tsohon silin, ku tambaya tukuna. Ku jiƙa faifan, ku zare ƙusa ku sauke shi ɗungurungum ba tare da fasawa ba, kada ku sa masa zarto ko injin yanka, ku sa takunkumi na musamman mai tace ƙura, ba ƙyalle ba, kuma kada ku shiga cikin iyalinku da kayan aiki. Ɓaraguzan a naɗe su a leda mai kauri, a tambayi hukumar muhalli ta jiha inda za a kai su. Don Allah kada a cike ramin ƙofar gida da su.

Nan za mu dasa aya. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)